Cinikin Biri a Sama: Abin da Amurka Ta Saya a 1803

Ranar 9 ga Maris 1804, a garin St. Louis da ke gaɓar kogin Mississippi, aka sauke tutar Sifaniya aka ɗaga ta Faransa. Washegari aka sauke ta Faransar, aka ɗaga ta Amurka. Mutum guda ne, wani hafsan sojan Amurka mai suna Amos Stoddard, ya karɓi ƙasar daga hannun Sifaniyawa a madadin Faransa, sannan ya juya ya karɓe ta a madadin ƙasarsa, don Faransa ba ta da jami'in da zai tsaya mata a wurin. A New Orleans ma, can ƙasa kusa da inda kogin ke faɗawa teku, abin da ya faru ke nan watanni kaɗan kafin haka. Wakilin Faransa, Pierre-Clément de Laussat, ya karɓi birnin daga Sifaniya ran 30 ga Nuwamba 1803, ya miƙa mabuɗansa ga Amurkawa ran 20 ga Disamba. Faransawa ne suka kafa birnin tun asali, amma tun 1762 suka bar wa Sifaniya yankin, wato Louisiana, kuma a wannan dawowa kwana ashirin kacal suka yi da shi a hannu. Wannan shi ne mai hajar da aka ce ya sayar wa Amurka ƙasar da ta ninka Nijeriya fiye da sau biyu.

Yadda aka saba ba da labarin, abu ne mai daɗin ji. Shugaba Thomas Jefferson ya aika wakilai Paris su taya birnin New Orleans da Florida, suka komo da yanki mai faɗin murabba'in kilomita sama da miliyan biyu a kan dala miliyan 15, wato eka ɗaya ba ta wuce santi uku ba. Girman Amurka ya ninka a zama ɗaya, ba a harba bindiga ba, kuma jihohi goma sha biyar na yau suna da rabo a cikin wannan ƙasa. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Abin da nake ja a kai shi ne arahar. A ganina cinikin ya yi araha ne saboda waɗanda suka karya farashin da waɗanda suka biya cikon kuɗin duk ba sa cikin ɗakin da aka ƙulla shi. Waɗanda suka karya farashin bayi ne da suka 'yantar da kansu a Haiti. Waɗanda suka biya ciko kuwa su ne 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, da kuma bayin da aka kora zuwa gonakin auduga da rake. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci salon da Amurka ta bi wajen faɗaɗa iyakokinta da hulɗa da sauran ƙasashe har tsawon shekaru talatin bayan nan.

Kogi ne tushen maganar. Manomin da ya tsallaka duwatsun Appalachia ya zauna a Kentucky ko Tennessee ko Ohio ba shi da hanyar da zai mayar da amfanin gonarsa gabas, domin kuɗin dako a kan duwatsu ya fi kuɗin kayan. Sai ya harhaɗa katako ya yi jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, ya loda garin alkama da taba da gishirtaccen naman alade da barasa, ya bar ruwa ya tafi da shi makonni har New Orleans. A can zai sayar da kayan, ya farfasa jirgin ya sayar da katakon tunda ba ya iya hawa ruwa, ya ɗaura kuɗinsa a gindi ya kamo hanyar gida a ƙasa ta cikin dajin Natchez. Rayuwar wannan mutum gaba ɗaya tana rataye ne da izinin sauke kaya a New Orleans, wanda Sifaniya ta ba Amurka a yarjejeniyar 1795. A watan Oktoba na 1802 jami'in Sifaniya a birnin ya janye izinin, mutanen yamma suka fara maganar ɗaukar bindiga. Ga shi kuma labari ya riga ya fasu cewa tun 1800 Sifaniya ta mayar wa Faransa yankin a ɓoye. Sifaniya maƙwabciya ce da ƙarfinta ya ƙare, ana iya jiran ta ta ruɓe. Faransa a ƙarƙashin Napoleon kuwa wani abu ne daban. Jefferson, wanda duniya ta san shi da ƙaunar Faransa, ya rubuta wa jakadansa Robert Livingston a watan Afrilu na 1802 cewa duk mai riƙe da New Orleans abokin gaba ne na dole, kuma ran da Faransa ta shiga birnin, Amurka ba ta da zaɓi sai ta jingina da jiragen yaƙin Ingila.

To me ya hana Faransa shiga? A nan ne labarin da aka saba bayarwa yake yin sauri, a nan kuma ya kamata a tsaya. Napoleon ba don kanta yake son Louisiana ba. Idonsa yana kan Saint-Domingue, ɓangaren tsibirin da ake kira Haiti a yau, wadda kafin 1791 ta fi kowace ƙasar mulkin mallaka kawo wa uwar gijiyarta dukiya, ta hanyar sukari da gahawa da bayi kusan rabin miliyan ke nomawa, akasarinsu haifaffun Afirka. Louisiana rumbu ce a cikin shirin: ta ciyar da tsibirin da hatsi da nama, ta ba shi katako, tsibirin kuma ya ba Faransa kuɗi. Amma bayin sun yi tawaye a watan Agusta na 1791, kuma kafin ƙarnin ya ƙare Toussaint Louverture ne ke mulkin ƙasar. A ƙarshen 1801 Napoleon ya tura mijin ƙanwarsa, Janar Charles Leclerc, da sojoji fiye da dubu ashirin, daga baya aka yi ta ƙara wasu. An kama Toussaint ta hanyar yaudara, aka kai shi wani kurkuku mai tsananin sanyi a duwatsun Faransa, inda ya rasu a watan Afrilu na 1803. Da labari ya iso cewa Faransa ta mayar da bauta a tsibirin Guadeloupe, sai ƙasar ta kama wuta gaba ɗaya, hafsoshin da suka miƙa wuya irin su Jean-Jacques Dessalines suka koma daji. Leclerc kansa zazzaɓin shawara ya kashe shi a watan Nuwamba na 1802, mafi yawan sojojinsa kuma ba su sake ganin gida ba. Rumbu ba shi da amfani ga wanda gidansa ya ƙone. Ran 11 ga Afrilu 1803 ministan harkokin wajen Faransa, Talleyrand, ya tambayi Livingston nawa Amurka za ta saya yankin duka, alhali abin da aka aiko Livingston da James Monroe su nema shi ne New Orleans da Florida, a kan abin da bai wuce dala miliyan 10 ba.

Akwai masu cewa an cika zuzuta rawar Haiti. Hujjarsu biyu ce, kuma ba ta banza ba ce. Ta farko, cuta ce ta cinye rundunar Leclerc. Ta biyu, yaƙi da Ingila yana bakin ƙofa, ya ma ɓarke a watan Mayu na 1803, kuma Napoleon ya san jiragen Ingila za su ƙwace New Orleans ko ya so ko ya ƙi, don haka gara ya karɓi kuɗi. Game da cuta, sai a tambaya me ya tsare sojojin a tsibirin har damina ta riske su. An tsara yaƙin ne a gama shi cikin 'yan watanni kafin lokacin zazzaɓi, turjiyar mutanen ƙasar ce ta ja shi har sauro ya sami abin ci. Game da Ingila kuwa, barazanarta ta yi nauyi ne saboda rundunar da za ta tsare Louisiana ta riga ta narke a Saint-Domingue, 'yar wadda aka tanada ƙarƙashin Janar Victor kuma ƙanƙara ta tsare ta a tashar jiragen ruwan Holan duk tsawon hunturu. Ba kuma masu nazarin yau ne suka fara faɗin haka ba. Alexander Hamilton, abokin hamayyar Jefferson, ya rubuta a wata jaridar New York a watan Yuli na 1803 cewa mugun yanayin tsibirin da jarumtar baƙaƙen mazaunansa su ne suka jinkirta zuwan Faransa Louisiana har dama ta samu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuɗin ma ta hannun dillalai suka bi: bankin Baring na Landan da na Hope na Amsterdam ne suka sayi takardun lamunin Amurka, suka cire la'adarsu, suka miƙa wa Napoleon tsabar kuɗin da zai yaƙi Ingila da su.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: me aka sayar? Yarjejeniyar da ke ɗauke da kwanan watan 30 ga Afrilu 1803 ba ta faɗi iyakokin yankin ba. Da Livingston ya nemi bayani, Talleyrand ya ce masa sun yi ciniki mai kyau, su ci moriyarsa iya iyawarsu. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai a wannan karo duhun ya yi wa mai saye rana, domin da shi Amurka ta fake ta ce yammacin Florida nata ne, har ma da Texas. Napoleon ya yi wa Sifaniya alkawarin ba zai ba wata ƙasa yankin ba, ya saɓa. Jefferson ya daɗe yana wa'azin cewa gwamnati ba ta da ikon da kundin tsarin mulki bai ambata ba, kundin kuwa bai ambaci sayen ƙasa ba. Ya rubuta daftarin gyara, da ya ji ƙishin-ƙishin Napoleon na iya fasawa sai ya ajiye shi, Majalisar Dattawa ta amince ran 20 ga Oktoba da ƙuri'a 24 da 7. Amma duk waɗannan ƙananan aibobi ne. Babban aibin shi ne Turawa da bayinsu da ke zaune a yankin ba su kai dubu ɗari ba, kuma kusan dukkansu a tsukuke suke a bakin kogi. Sauran ƙasar tana hannun Osage da Sioux da Pawnee da Comanche da Mandan da wasu al'ummu masu yawa, masu garuruwansu da gonakinsu da hanyoyin fataucinsu, waɗanda ba su taɓa biyan Faransa haraji ba. Abin da Faransa ta mallaka, kuma ta sayar, shi ne alkawarin cewa sauran Turawa ba za su sa baki ba idan mai saye ya tashi karɓar ƙasar daga hannun masu ita. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗi haka ƙarara a 1823, lokacin da alƙalin alƙalai John Marshall ya yanke cewa ƙasar Turawan da ta fara "gano" wuri ita ke da asalin mallakarsa, mazaunansa kuma haƙƙin zama kawai gare su, ba su da ikon sayarwa ga kowa sai gwamnati.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan ciniki. Gwamnatin Birtaniya ta biya Kamfanin Royal Niger fam 865,000 ta karɓi abin da yake iƙirarin nasa ne, Lugard ya ɗaga tuta a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900. Sarkin Musulmi Abdurrahman yana Sakkwato a ranar, Sarki Alu yana Kano, babu wanda aka shawarta. Takardar ba ta zama mulki ba sai da bindiga ta bi bayanta a 1903. Haka abin ya kasance a Louisiana, sai dai can an ɗauki kusan ƙarni guda ana karɓa.

An fara karɓar tun tawada ba ta bushe ba. Meriwether Lewis da William Clark, da Jefferson ya tura su bi kogin Missouri a 1804, suna ɗauke da lambobin azurfa masu hoton Jefferson a gefe ɗaya, hannuwa biyu suna musabaha a ɗaya gefen. Duk inda suka yada zango da wata al'umma sai su tara manyanta a ƙarƙashin rumfar da aka yi da filafilan jirgi, su rataya musu lambar a wuya, su sanar da su cewa yanzu suna da sabon uba a Washington. A watan Nuwamba na shekarar, a St. Louis, Gwamna William Henry Harrison ya sa wasu mutum biyar daga al'ummun Sauk da Meskwaki, waɗanda suka zo neman a saki ɗan'uwansu da ke tsare, suka sa hannu a takardar da ta sallama ƙasa mai faɗin gaske a gaɓa biyu na Mississippi, a kan kayan dala 2,234.50 da dala 1,000 duk shekara. Al'ummarsu ba ta aike su sayar da ƙasa ba, kuma wannan takarda ce ta haifi yaƙin Black Hawk a 1832. Harrison ba gaban kansa ya yi ba. A watan Fabrairu na 1803 Jefferson ya rubuta masa cewa yana da kyau a bar manyan Indiyawa su ci bashi a kantunan gwamnati, domin idan bashin ya fi ƙarfinsu za su yarda su biya da ƙasa. Dokar da ta tsara mulkin Louisiana a 1804 kuma ta ba shugaban ƙasa ikon musanya wa al'ummun gabashin kogin ƙasarsu da wata a yamma. Tun daga ranar farko ke nan an ga yankin a matsayin wurin jibge waɗanda ake son a kawar.

Nan ne ake kawo uzurin da ya fi kowanne ƙarfi, cewa bai dace a auna mutanen jiya da ma'aunin yau ba, kuma kowace daula da yaƙi ta faɗaɗa, har da namu. Rabin maganar gaskiya ne, kuma sayen da ya hana yaƙi da Faransa ya ceci rayuka da yawa. Amma ma'aunin da nake amfani da shi na mutanen zamanin ne. Tecumseh, jagoran Shawnee, ya gaya wa Harrison ido da ido a 1810 cewa babu wani sarki ɗaya da ke da ikon sayar da ƙasar da ta kowa ce, ya kuma mutu a fagen fama a 1813 yana kan wannan magana. Mutanen al'ummar Cherokee sun yi duk abin da aka ce su yi don a bar su: suka koma noma, ɗansu Sequoyah ya ƙirƙiro musu haruffa, suka rubuta kundin tsarin mulki a 1827, suka fara buga jarida a 1828, suka kai ƙara Kotun Ƙoli, hukuncin 1832 ya goyi bayansu. Dokar tayar da Indiyawa ta 1830 da Shugaba Andrew Jackson ya nema, da kyar ta sha a Majalisar Wakilai, ƙuri'a 102 da 97, bayan Sanata Theodore Frelinghuysen ya yi kwana uku yana jayayya da ita a Majalisar Dattawa. Mutum 97 da suka ce a'a ba 'yan yau ba ne. An san abin da ake yi, an yi gardama a kansa, aka zaɓa. A 1838 sojoji suka tasa Cherokee kusan dubu goma sha shida zuwa yammacin kogin, cikin ƙasar da aka saya a 1803, kimanin dubu huɗu suka mutu a sansanonin tsaro da kan hanya.

Jefferson ya yi mafarkin ƙasar ƙananan manoma masu cin gashin kansu, kuma ban ga dalilin cewa ƙarya yake yi ba. A arewacin yankin mafarkin ya tabbata ga Turawa da yawa. A kudu, inda kuɗin yake, wani abu ne ya tsiro. Injin gurzar auduga na 1793 ya sa auduga ta zama zinariya, masaƙun Ingila na haɗiye duk abin da aka noma. A 1804 Sanata James Hillhouse ya nemi a taƙaita bauta a sabon yankin, mafi ƙarfin shawarwarinsa suka faɗi, shugaban ƙasa kuma, wanda shi kansa ya mallaki bayi fiye da ɗari shida a rayuwarsa, bai tsaya musu ba. Da aka hana shigo da bayi daga waje a 1808, sai Virginia da Maryland suka zama masu sayarwa. Kusan mutum miliyan ɗaya aka kora kudu da yamma kafin 1860, a ƙafa cikin sarƙa ko a jirgin ruwa, New Orleans ta zama babbar kasuwar bayi ta ƙasar. A watan Janairu na 1811 ɗaruruwan bayi daga gonakin raken da ke sama da birnin suka yi tawaye ƙarƙashin Charles Deslondes. Aka murƙushe su cikin kwana biyu, aka kafa kawunansu a kan sanduna a bakin kogi. Rabon sauran yankin tsakanin bauta da 'yanci shi ne rigimar Missouri ta 1820, layin da aka ja a lokacin aka goge shi a 1854, shekara bakwai bayan haka ƙasar ta faɗa yaƙin basasa.

Florida ma da wannan salon aka same ta, sai dai an yi gaggawa. Shugaba James Madison ya haɗiye yammacinta a 1810 da hujjar tana cikin cinikin 1803. Jackson, tun kafin ya zama shugaba, ya kutsa gabashinta a 1818 yana farautar al'ummar Seminole da bayin da suka gudu wurinsu, Sifaniya ta ga ba ta da yadda za ta yi, ta sallama a yarjejeniyar 1819. Ran 2 ga Disamba 1823 Monroe, wanda ya sa hannu a cinikin Paris, yanzu kuma shugaban ƙasa, ya sanar da majalisa cewa ƙofar sabon mulkin mallakar Turai a nahiyar ta rufe. Ƙasashen Latin Amurka da suka ƙwaci 'yancinsu daga Sifaniya sun ji daɗin maganar, Amurka ta riga ta fara amincewa da su tun 1822. Sanarwar dai ba ta ɗaure hannun Amurka ba ko kaɗan, kuma saboda haka ne sakataren harkokin wajensa John Quincy Adams ya ƙi tayin Ingila na a yi ta tare, don tayin ya ƙunshi alkawarin cewa ɓangarorin biyu ba za su ƙara ɗaukar ƙasa ba.

Jamhuriya ɗaya ce a nahiyar inuwar wannan sanarwa ba ta kai gare ta ba. Haiti ta ayyana 'yancinta ran 1 ga Janairu 1804, kwana goma sha biyu bayan an ɗaga tutar Amurka a New Orleans. Jefferson ya ƙi amincewa da ita, a 1806 majalisa ta hana kasuwanci da ita. A 1825, ƙasa da shekara biyu da sanarwar Monroe, jiragen yaƙin Faransa suka tsaya a gaban Port-au-Prince da umarnin Sarki Charles na Goma: Haiti ta biya diyyar faran miliyan 150 ga tsofaffin iyayen gijinta kafin a yarda da 'yancinta. Washington ba ta ce uffan ba. Louisiana duka, idan an haɗa da basussukan da Amurka ta ɗauke wa Faransa, faran miliyan 80 aka sayar da ita. An rage diyyar Haiti zuwa miliyan 90 a 1838, ta kuma yi ta cin bashin bankunan Faransa tana biya shekaru da dama. Amurka ba ta amince da ita a matsayin ƙasa ba sai 1862, a zamanin Abraham Lincoln, lokacin da sanatocin jihohin kudu suka riga suka fice daga majalisa.